Shimfiɗar Malam Ta Bushe

Ranar da aka fara sussukar gero a gidan Malam Maccido, cikin garin Bukkuyum, atishawa ta kama tsohon tun da hantsi. Mata suna shiƙa a tsakar gida, iska tana kwasar ƙaiƙayi tana kaiwa ƙofar ɗakinsa. Kafin azahar idanunsa sun yi ja, hancinsa ya toshe, ruwa yana zuba. Haka take yi masa kowace kaka. Abin da ya bambanta bana shi ne ya haura shekara tamanin, kuma duk atishawar da ya yi sai fitsari ya kuɓuce masa.

Matsalar fitsarin ta riga atishawar zuwa. In ya tsuguna ba ya fita da ƙarfi, in ya miƙe kuma sai ya ɗiga. Ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karantar da babin tsarki, abin ya yi masa nauyi. Yakan sake wando sau uku ko huɗu a yini. Tun da matarsa ta rasu bara, Hamida, matar babban ɗansa, ita ke wankewa, ta shanya a bayan rumbu inda baƙo ba zai gani ba.

Babban ɗan, wanda kowa ke kira Magaji, shi ya gaji zauren karatu. Da la'asar magidanta sukan taru da littattafansu, Magaji yana biya musu, Malam kuma yana gefe a kan buzunsa yana gyara inda aka yi kuskure. A ranar nan ana tsakiyar karatu tsohon ya yi atishawa uku a jere. Da ya dafa bango ya miƙe, sai ga buzun a jiƙe. Ɗaliban duka suka sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi dariya. Amma Magaji ya rufe littafi, ya ce a tashi sai gobe.

Kai tsaye ya nufi kyamis ɗin Sufyanu, ya ce a ba shi maganin atishawa da toshewar hanci.

Sufyanu ya ɗauko kati ɗaya, bai miƙa ba tukuna. Ya ce, "Wa za shi sha, Malam?"

"Ni na."

"To, bari in hwaɗa maka. Ƙwaya guda ta, amma magani biyu ne ciki. Guda na tsai da atishawa da ƙaiƙayin ido, shi ka sa barci da bushewar baki. Guda na buɗe hanci, shi kuma yana ɗaga jini, yana sa zuciya gudu. Ɗaya da sahe, ɗaya da marece, kar ka wuce kwana biyat. In ka sha, kar ka hau mashin. Kuma kar a ba mai hawan jini, ko tsohon da hitsari ka ba wahala, don yana iya riƙe mai shi gaba ɗaya." Ya ɗan dubi fuskarsa. "Ba dai Malam babba za ka kai ma ba ko? In shi na, asibiti ya kamata."

"Na ce maka ni na," in ji Magaji.

Ya san mahaifinsa yana da hawan jini, don katin asibitin yana cikin gafakar tsohon. Ya kuma san in ya faɗi gaskiya za a tura su inda za a yi ta tambaya a kan fitsari a gaban mutane. Ya sa maganin a aljihu ya tafi gida.

Kwana biyu da fara ba Malam maganin, atishawa ta tsaya. Malam ya yi barci da hantsi, abin da bai taɓa yi ba. A rana ta uku Hamida ta tari mijinta da fara'a a bakin murhu.

"Malam ƙarami, yau wando guda na wanke. Shi ma ƙura ce kawai."

"Da gaske?"

"Wallahi. Shimhiɗa ma a bushe take."

Magaji ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Ashe maganin ga har wancan ciwon yana yi."

Kwana biyar suka cika. An gama sussuka, an zuba gero a rumbu, an share tsakar gida. Babu sauran ƙaiƙayi, babu sauran atishawa. Katin ya ƙare. Magaji bai koma wurin Sufyanu ba. Ya jira ranar kasuwa, ya nuna wa wani mai teburin magunguna tsohon katin, aka ba shi huɗu ba tare da an tambaye shi komai ba.

A rana ta bakwai Malam ya ture hannun Hamida da ta kawo masa ƙwayar. Bai dube ta ba, domin bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba.

"Ɗiyata, na warke. Abin ga na busar man da baki. Zuciyata kuma sai bugawa takai kamar ana daka."

"Baba, Malam ƙarami yac ce a ci gaba."

"Ki ce mai na gode."

Da ta gaya wa mijinta, sai ya ce, "Tsoho kamar yaro na. Ki niƙe ki sa mai cikin kunu." Daga ranar, kunun Malam ya koma da ɗan ɗaci. Ya yi zaton tsamiya ce ta yi yawa, kuma bai saba kushe abincin da aka ba shi ba.

Ya fara daɗewa a makewayi. Yakan shiga da butarsa, a ji shiru, har wanda ke jira ya gaji ya tafi gidan maƙwabta. In ya fito, goshinsa yana tsattsafo da gumi, butar kuma da sauran ruwanta. Hamida ta lura da haka. Ta ce a ranta ai gara ya daɗe a can da ya ɓata mata tabarma.

Wannan magana ce da tsoho ba zai iya yi wa matar ɗansa ba, ko da zai mutu. Don haka a rana ta goma ya aika aka kira masa Magaji. Ya jira sai da aka saki labule, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Magaji, abin nan ba ya hita."

"Wane abu, Baba?"

"Bawali. Sai in yi ta nishi, ɗan kaɗan ka zowa. Nan wurin ya yi man nauyi." Ya dafa ƙasan cibiyarsa.

"Ai abin da munka daɗe muna roƙo ke nan, Baba. Da yana zuba ba ka so, yanzu Allah ya tsai da shi. Sai godiya."

"Ba irin wanga tsayawa ba."

"Jiki na ka gyaruwa. Ka ƙara haƙuri kwana biyu." Ya miƙe yana gyara rawani, don ɗalibai suna jira a zaure.

Malam bai sake ɗaga maganar ba. Ya yi wa kansa dabarar da ya iya: ya rage shan ruwa. Kofin da ake ajiye masa da safe yakan kai magariba a cike, alhali leɓunansa sun tsage. Ya sassauta mazagin wandonsa. Ruku'u ya gagare shi, ya koma salla a zaune.

Ranar Juma'a ya ce a ɗauko masa farar rigarsa, zai je masallaci. Magaji ya tuna da buzun nan. Ya tuna sahun gaba, da liman, da manyan gari. Ya shiga madafa ya ce wa Hamida, "Yau ki sa biyu." Kafin a yi kiran farko tsohon ya kwanta da rigar a jikinsa, bakinsa a buɗe. Aka tafi aka bar shi. Da ya farka bayan la'asar ya gane Juma'a ta wuce shi, sai ya juya fuskarsa ga bango. Daga ranar biyu-biyu aka riƙa sa masa, tunda an ga ya fi kwanciya.

Sai kansa ya fara rikicewa. Ya kira Hamida da sunan matarsa da ta rasu. Ya ɗauko surar da ya haddace tun yana ɗan shekara tara, ya kai tsakiya ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya, hawaye suna bin gemunsa. Yana riƙe ƙeyarsa yana cewa kansa zai tsage. Mutanen gida suka ce tsufa ne, kowa ya kai nan haka yake yi.

Wani tsohon ɗalibinsa, Malam Abdulrashid, ya zo daga Gwashi don ya gaishe shi. Ya leƙa ɗakin, ya fito jikinsa a sanyaye.

"Magaji, wanga barci ba na lahiya ba na. Ku kai shi a duba."

"In kai Malam Maccido asibiti, 'yan mata sa'annin jikokinshi su tuɓe mai wando? Wanda yak karantar da garin ga duka? Ba da ni ba. Muna yi mai rubutu, muna ba shi magani, kuma ana ganin sauƙi."

Malam Abdulrashid ya yi addu'a ya tafi. Gidan malaminsa ne, bai ga yadda zai ja magana da magajin gida ba.

Malam yana da ɗiya, Ramlatu, tana aure a Gummi. Duk bayan kwana biyu takan kira wayar Hamida a kai wa mahaifinta. Yanzu duk sa'ar da ta kira, amsa ɗaya ce: "Lahiya lau, Gwaggo, ya ma samu sauƙi. Barci yakai." Ta kira da hantsi, barci. Ta kira bayan azahar, barci. Ramlatu ta san mahaifinta bai yarda da barcin hantsi ba, har dukan yara yake yi a kansa. A rana ta goma sha takwas ta nemi izinin mijinta ta hau motar safe.

Ta same shi a kishingiɗe, gwiwoyinsa a naɗe, hannu biyu a ƙasan ciki. Ɗakin tsaf yake, babu wari ko kaɗan. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya daɗe yana dubanta kafin ya gane ta.

"Baba, ina ka ciwo?"

"Ba komi, ɗiyata."

Ta kai hannu ta gyara masa mayafi, sai hannunta ya taɓa cikinsa. Daga cibiya zuwa ƙasa ya kumbura ya yi tauri kamar an kifa ƙwarya. Tsohon ya yi ƙara, irin wadda ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, sannan ya yi sauri ya ja mayafin ya rufe wurin.

Ta fito tsakar gida. "Hamida, mi kuka ba shi?"

"Maganin atishawa na kawai."

"Atishawa? Ina atishawar?"

Hamida ta koma bakin murhu. Ramlatu ta shiga madafa, ta ga ƙaramin turmin yaji da farin gari a gindinsa, ga katuna a cuse bayan tukunyar ruwa, wasu babu komai, ɗaya da saura. Ta kwaso su.

"Niƙa mai kike yi? Bai ma san yana sha ba?"

Nan Hamida ta ajiye muciya. Ta juyo ta ce, "Gwaggo, ke kina Gummi. Ni ka wanki. Shekara guda ina wanke wandon surukina da hannuna, sau huɗu a yini, ga ɗiya biyat, ga tuwon ɗalibai. Wa yat taɓa ce man sannu? Ranar da kinka zo bara, wando nawa kinka wanke? An samu abin da yat tsai da shi, yanzu ni ce mai laihi?"

Ramlatu ta san gaskiya ce. Ta wuce zaure, ta tsaya daga bayan ƙofa ta yi sallama har yayanta ya fito.

"Yaya, a kai Baba asibiti yanzu."

"Ki rage murya, akwai mutane. Gobe in Allah ya kai mu."

"Ka taɓa cikinshi?"

"Ke, ni za ki koya ma kula da ubana? Sama da mako biyu bai ɓata tuhwa ba. Kin san abin da yaf faru a zauren ga, gaban ɗalibai? Mutuncinshi nika karewa."

"Nashi ko naka?"

Magaji ya ɗaga hannu kamar zai mare ta, ya tuna da waɗanda ke ciki, ya sauke. Ramlatu ba ta ƙara jira ba. Ta shiga gidan Mainasara, maƙwabcinsu mai motar ɗaukar hatsi, ta roƙe shi. Tsohon ba ya iya zama, sai a kwance aka sa shi a baya a kan katifa. Da Magaji ya ga unguwa ta fito kallo, shi ma ya shiga gaba.

A asibiti namiji ne ya karɓe su. Likitan ya danna cikin a hankali, ya auna jini, ya sake aunawa, sannan ya juyo.

"Yaushe rabonsa da fitsari?"

Magaji ya dubi Ramlatu. Ramlatu ta dubi Magaji. A cikin gidan da ake ƙirga wandunan tsohon kullum, babu wanda ya san amsar. Sai Malam da kansa, idonsa a rufe, ya ɗaga yatsu biyu.

"Kwana biyu ko ɗigo babu?" in ji likita. Tsohon ya gyaɗa kai.

Aka fitar da su, aka ja labule, aka sa masa robar fitsari. Abin da ya fita ya cika mazubi, aka sake kawo wani. Bai fi aikin minti goma ba. Da aka bar Ramlatu ta shiga, ta tarar fuskar mahaifinta ta saki. Ya ce, "Alhamdu lillahi," sau uku. Sannan ya roƙi ruwa, ya sha kofi biyu a jere kamar wanda ya dawo daga noma.

Ramlatu ta zube katunan a kan tebur. Likitan ya juya su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na atishawa da toshewar hanci ne, na 'yan kwanaki. Ga mai lafiya ba shi da laifi in an bi ƙa'ida. Amma tsoho mai hawan jini, wanda mafitsararsa dama ba ta buɗewa sosai, bai kamata ya sha ko ɗaya ba sai an tambaya. Ɗigar da kuka ga ta tsaya, ba warkewa ya yi ba. Hanyar ce ta rufe. Fitsarin ya taru ya koma yana danne ƙoda, jininsa kuma ya hau inda ban so ba. Wanda ya sayar muku bai faɗa muku ba?"

Magaji yana kallon ƙasa. Ya ce, "Ƙaddara ta riga hwata."

"Da kun kawo shi ranar da ya fara cewa ba ya fita, da yau yana gida."

Gwaji ya nuna ƙodar ta taɓu ƙwarai. Aka ce sai an kai shi babban gari inda ake wankin ƙoda, in jininsa ya sauka ya iya tafiyar. Bai sauka ba. A rana ta biyu gefen jikinsa na dama ya mutu, magana ta ɗauke. A rana ta uku, bayan la'asar, Malam Maccido ya cika, hannunsa na hagu yana riƙe da gefen mayafi, yana jan sa ƙasa don ya rufe robar.

Aka dawo da shi gida aka yi jana'iza, jama'a ta taru ƙwarai. Daga Anka, daga Gummi, daga ƙauyuka, duk wanda ya taɓa ɗaukar karatu a zauren nan ya zo. Ramlatu tana zaune cikin mata, bango ɗaya ne tsakaninta da zaure, tana jin muryar yayanta yana amsa gaisuwa.

"Allah ya yi mai gata," yake cewa. "Kun san larurar da yay yi hwama da ita. To, kahin shi cika Allah ya ɗauke mai ita. Kwanakinshi na ƙarshe cikin tsarki yay yi su, ko ɗigo bai taɓa tuhwarshi ba."

Zauren ya ɗauka da "Masha Allah." Wani ya ce alamar kyakkyawan ƙarshe ce. Sufyanu mai kyamis yana daga bakin ƙofa. Ya yi addu'arsa ya tashi, bai ba Magaji hannu ba.

Babu wanda ya doki Malam Maccido, babu wanda ya hana shi abinci. An share masa ɗaki, an kai masa kunu a kan lokaci, ana durƙusawa in za a gaishe shi. Ya faɗi ciwonsa sau ɗaya, ga mutum ɗayan da al'ada ta yarda ya faɗa wa, aka ce masa ya yi godiya. Waɗanda suka kashe shi suna sonsa daidai gwargwado. Sun dai fi son busasshiyar tabarma.

Ranar sadakar uku, da hantsi, wata maƙwabciya mai suna Uwani ta shigo gaisuwa. Ta zauna kusa da Hamida, ta yi ƙasa da murya, amma Ramlatu tana bayansu.

"Hamida, Allah shi saka da alheri. Maganin nan da kinka ba ni wancan mako, wallahi kamar yankan wuƙa. Surukina, Baba Modibbo, yau kwana shida ban wanke mai komi ba. Sai barci abinshi."

Hamida ta daskare. Tun da aka dawo daga asibiti ta san abin da likita ya ce. Ta tuna da katin da ta ba Uwani, ta kuma yi shiru, domin in ta karɓo shi, ta amsa laifin ke nan.

Ramlatu ta miƙe ta ja mayafinta. Wata tsohuwa ta ce, "Ina za ki, ana zaman makokin ubanki?" Ramlatu ta kama hannun Uwani ta ja ta, suka fita ta ƙofar baya, suka tsallaka lungu.

Modibbo, surukin Uwani, tsohon makiyayi ne da ƙafa ta zaunar da shi. Suka same shi a rumfa, rana ta ɗaga, yana gyangyaɗi, gwiwoyinsa a naɗe, kofin ruwa cike a gefensa. Ramlatu ba ta taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba. Sa'an mahaifinta ne. Ta ji kunya ta taso mata har wuya, irin wadda aka raine ta da ita tun tana ƙarama. Ta haɗiye ta. Ta durƙusa daf da kunnensa, ta taɓa kafaɗarsa har ya buɗe ido.

"Baba Modibbo, ni ce ɗiyar Malam Maccido. Ka yahe man abin da za ni tambaya. Yaushe rabonka da hitsari?"

Uwani ta rufe baki da hannu. Tsohon ya dubi surukarsa, ya kau da kai. Sannan ya matso da bakinsa kusa da Ramlatu, a hankali, don kada Uwani ta ji.

"Tun jiya da sahe, ɗiyata. Na rasa wa za ni hwaɗa ma."

Ramlatu ta juya ga Uwani. "Tahi ki kira Mainasara. Ki ce shi zo da katihwar."